Yadda Dakta Ganye Ya Yi Jinyar Itacen Dalhatu

Allah ya yi wa ƙasar Kankiya da Kusada baiwa iri-iri. Ya ba mu gero da dawa, ya ba mu nonon da matan ruga ke kawowa kasuwa, ya ba mu ƙasa mai karɓar iri. Da ya tashi cika mana ni'ima kuma, sai ya ba mu Alhaji Sharafaddeen.

Wanda bai san Alhaji ba bai san ilimi ba. Shekara tara da suka wuce aka yi wata bita ta kwana uku a Katsina kan dashen itatuwa, Alhaji ya halarta. Gaskiya ne ranar farko ya isa an riga an tashi, rana ta biyu kuma yana da ɗaurin aure. Amma ranar rufewa, da aka zo ɗaukar hoto da rabon takardar shaida, ba wanda ya riga shi zama a layin gaba. Takardar nan yau tana rataye wuri uku: a falonsa, a shagonsa na siminti, da kuma cikin motarsa, don kada ilimi ya yi nisa da mai shi.

Tun daga ranar ya zama Dakta. Mutanen gari ba sa son barin mutum da rabin suna, sai suka cika masa: Dakta Ganye. Ya ji, ya ji daɗi, ya sa aka buga masa a kati.

Shi ne shugaban Ƙungiyar Raya Tsirrai ta Kankiya da Kusada. Shi ne kuma sakatarenta. Ba a taɓa samun saɓani a taronsu ba. Babban aikin ƙungiyar shi ne bedi ɗari biyu da aka dasa a hanyar Tafashiya, da kiɗa da jawabi da lemon kwalba. Akuyoyin Tafashiya har yau suna yi wa Dakta addu'a. Allon da aka kafa ranar yana nan daram, bai bushe ba, bai kuma taɓa neman ruwa ba.

Wannan bawan Allah ɗan wan mahaifin Dalhatu ne, Dalhatu yakan ce masa Yaya. Dalhatu kuwa abokina ne, ni Dabo kafinta, shekara arba'in da wani abu. Direban babbar mota ne. Ya rasu farkon bazarar bana, ranar Talata, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Har yanzu in mota ta tsaya ƙofar shagona sai na ɗaga kai, sannan in tuna.

Dalhatu bai bar dukiya ba. Allah bai bar musu ɗa ba shi da matarsa Iyatu. Abin da ya bari mai rai a gidan nan itace ne guda, a tukunya, cikin ɗakinsa na baƙi. Yuka ake kiransa. Daga Jos ya zo da shi shekara goma sha huɗu da suka wuce, guntun sanda kawai, har muka yi ta yi masa dariya muna cewa ya dasa muciya. Muciya ta yi saiwa, ta yi gindi, ta fitar da ganye dogaye masu tsini kamar takubba, ta yi ta hawa har kanta ya taɓa silin ya sunkuya. Kowace Juma'a kafin masallaci sai ya goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Ya sha cewa zai rage masa tsawo, amma in ya ɗauko wuƙa sai ya mayar.

Kwana uku da rasuwa Iyatu ta gaya wa matata Fadimatu cewa in ta fita takaba za ta koma wurin danginta a garin Ƙofa, kuma ba abin da take so ta ɗauka daga gidan sai itacen nan, da ransa.

Ranar sadakar bakwai Dakta Ganye ya iso da babbar riga mai sitaci, da hular da tsawonta ya kusa kamu guda. Ɗakin cike yake da masu ta'aziyya. Ya ratsa su, ya zauna a kujerar mamaci, gindin itacen. Da liman ya shafa addu'a, Dakta ya miƙe don ya yi wa jama'a bayanin wane ne Dalhatu, tunda duk ba mu san shi ba. Tsinin ganye ɗaya ya zari hular, ya sauke ta tsakiyar kwanon kunu.

Sanƙon Dakta, wanda ko wanzaminsa sai da alƙawari yake gani, ya fito fili yana ƙyalli. Wani tsohon direba ya kama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Dakta ya tsamo hularsa, ya dubi itacen yadda alƙali ke duban ɓarawo.

"Jama'a, kun ga abin da nike faɗi? Iccen ga ba shi da lafiya. Mu masana da gani muke ganewa. Ya yi tsawon da ya wuce ƙa'ida, ƙarfinshi duk ya tahi sama. In ba a yi mishi tiyata yau ba, ba ya kai damina. Allah ya sa ina nan. Dabo, aiko a kawo zartonka."

Ni na kawo zarton, da hannuna. Wannan ba zan ɓoye ba. Shi babba ne, ni ba dangi ba ne, ɗakin cike da mutane, kuma ni kaina ban san komai game da itacen ba sai son da abokina ke yi masa. Na tsaya ina kallo ya kafa zartona a gangar itacen. Da ya gama, abin da ya rage a tukunya kututture ne bai kai rabin taɓarya ba, ba ganye ko ɗaya. Kan kuwa ya sa aka saka masa a bayan mota, ya ce zai yi bincike a kai. Binciken ya kai ga ganowa cewa itace yana bushewa in an manta da shi a but ɗin mota. Daga cikin gida na ji wata ta yi salati a hankali.

"Ku ba shi wata guda," in ji Dakta, yana karkaɗe riga. "Ran sadakar arba'in za ku ga tofo. Ku rubuta ku ajiye."

Daga nan aka shiga jinya, irin jinyar da ko maƙiyinka ba ka yi wa fatanta. Da safe ya dawo ya rufe tagar ɗakin, ya rataya mata bargo, don majinyaci ba ya son haske. Ya lura tukunyar tana da huda a gindi, ruwa na zurarewa, ya girgiza kai kan sakacin marigayi, ya aika shago aka ɗebo siminti ya toshe. Almubazzaranci, in ji shi, ba ya cikin tsarin ƙungiya. Ya kawo takin zamani wanda zai ishi kunya goma ta masara, ya juye wa kututturen, ya motsa da sanda kamar mai dama fura.

Duk wannan da sauƙi. Babbar fasahar ta zo ranar Juma'a. Masu ta'aziyya ba su yanke ba, kuma kowa ya san al'adarmu: ka zo gidan rasuwa, ka yi alwala a ƙofar gida, ka yi salla da jama'a. Dakta ya tsaya bakin ƙofa ya yi shela.

"Duk wanda ya yi alwala, kada ya zubar da sauran ruwan butarshi. Ya shiga ya zuba ma iccen marigayi. Shayar da icce sadaka ce, lada kuma ya je ma Dalhatu. Wanda ke ƙaunarshi, yanzu za mu gani."

Wa zai yarda a ce ba ya ƙaunar Dalhatu? Direbobin tasha suka zuba. Masu faci suka zuba. Tsofaffin da ya sha rage wa hanya ba ko sisi suka zo da butocinsu a cike, don kada sadakarsu ta yi kaɗan. Wani ya zo daga Kusada a kan keke, cikin zafin nan, da galan ɗaure a baya. Ni ma na zuba. Kullum na zuba, safe da yamma, ina zubawa ina kiran sunansa a raina, ina jin kamar shi nake ba ruwa a gadon asibiti. Ba mu taɓa yi wa wani abu ɓarna da zuciya ɗaya irin wannan ba.

Mutum ɗaya ne ya tsaya da butarsa bai zuba ba. Bube, makiyayi daga bayan Fakuwa, wanda Dalhatu ya sha ɗaukar masa shanu zuwa kasuwa. Ya leƙa tukunyar, ya ga ruwa kwance kamar fadama.

"Alhaji, ni dai ban taɓa ganin saniyar da aka yanke ma kai tana shan ruwa ba. Abin da ba shi da ganye, da mi zai sha wanga ruwa duka?"

Dakta ya yi murmushin da ake yi wa yaro.

"Bube, ilimin shanu daban, ilimin tsirrai daban. Kana da satifiket?"

"A'a," in ji Bube. "Shanu nike da su. Kuma suna da rai."

Dakta ya ce Bafulatani da gardama sai Allah, ya karɓi butar ya zuba da kansa.

Kafin mako uku ɗakin ya fara warin kwata. Sauro ya yi gari a ciki. Gindin kututturen ya yi baƙi, in ka danna da yatsa sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓen dankali. Dakta ya ce warin waraka ne, cuta ke fita. Kowace safiya sai ya zo ya ƙwanƙwasa kututturen da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya gyaɗa kai, ya auna shi da tef ɗina. Tsawo bai ƙaru ba ko ƙwayar gero. Sai ya ɗauki hoton kansa kusa da shi ya tura wa jama'a a waya, da rubutu a ƙasa: majinyaci na samun sauƙi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar arba'in aka taru. Aka yi addu'a, aka raba waina, sannan ido ya koma kan tukunya. Ba tofo, ba alamar tofo. Da wani ne, da ya ji kunya. Dakta kuwa tabarmar kunya da jawabi yake naɗe ta.

"Ku ba ku san halin icce ba. Shekara goma sha huɗu shina tare da ubangidanshi. Iccen ga takaba yake yi. A ƙara mishi ruwa."

Allah mai jin ƙai ne. Washegari labari ya iske Dakta cewa wani babban mutum a Abuja yana neman mai ba shi shawara kan harkar tsirrai. Wa ya cancanta in ba shi ba? Ya ciro takardar shaidar daga falo, ya goge gilashinta, ya sa aka wanke hular. Kafin ya shiga mota ya kira ni gefe ya bar mini wasiyya: buta bakwai kullum, kada a buɗe taga, kada jahili ya taɓa majinyaci.

Ƙurar motarsa ba ta gama kwantawa ba Fadimatu ta zo ta ce Iyatu na kirana. Na shiga ɗakin baƙi. Akwai ƙofa tsakaninsa da cikin gida, Iyatu tana bayanta, Fadimatu na tsaye a tsakani. Kwana arba'in ban ji muryarta ba.

"Malam Dabo, zarton nan naka yana nan?"

Na ce yana nan.

"To shi ya yi ɓarna, shi zai yi gyara. Fasa tukunyar."

Na fasa. Ruwa baƙi ya malale ɗakin, Fadimatu ta toshe hanci ta yi waje. Saiwar duk ta narke. Iyatu ta ce in yi ta yanke gindin kaɗan-kaɗan har sai na iske wuri fari mai tauri. Na yanka sau ɗaya, baƙi. Sau biyu, baƙi. Kututturen na ta ƙarewa. A na huɗu zarto ya ci tauri, na ga fari. Abin da ya rage bai wuce kamu ɗaya ba.

Ta ce a jingine shi a inuwa kwana uku wurin yankan ya bushe. Ta ce in ɗiga kyandir a saman, inda Dakta ya yanke, don kada ya yi ta tsotsewa. Ta ce a samo tukunya mai huda, a cika ta da yashin rafi da 'yar ƙasa kaɗan, ba taki. A cire bargon nan, a buɗe taga, a sa shi inda hasken safe ke faɗawa.

Na ce, "Ruwa fa? Buta nawa?"

Na ji ta yi wata 'yar dariya, irin wadda ke kusa da kuka.

"Shi marigayi sai ya tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In ya ji sanyi, ya fasa. In ya ji ta bushe ƙamas, ya ba shi kofin shayi ɗaya. Wani lokaci sai ya yi sati biyu bai ba shi ba. Yakan ce iccen ga ɗan jeji ne, ƙishi ba ya kashe shi, gata ke kashe shi. Yanzu da ba ganye ma, ko kofin ya yi yawa."

"Iyatu, mi ya hana ki faɗi tuntuni?"

"Wa ya tambaye ni? Ni mai takaba, shi yayan miji, ga satifiket."

Na kwashe ɓaraguzan tukunya na fita. Masu zuwa da buta kuwa muka nuna musu bedin ƙofar gida, muka ce sadakar ta koma can. Bedin bai ƙi ba.

Sai jira. Kullum da safe kafin in buɗe shago in biya, in tura yatsa cikin yashi, in dubi kututture, shi ma ya dube ni. Mako uku, shiru. Mako huɗu, shiru. Hannuna yakan kai ga buta da kansa, sai in tuna in janye. Ban taɓa sanin barin abu ya fi yi masa hidima wuya ba sai a kan itacen nan. Na fara shirya kalmomin da zan ba Iyatu haƙuri da su.

Cikin mako na shida, washegarin ruwan farko, na ga wani ɗan ƙullutu a gefen kututturen, ƙasa kaɗan da kyandir ɗin. Ya tsage, wani abu kore ya leƙo, kamar bakin ɗan tsako. Bayan kwana huɗu na biyu ya fito, sannan na uku. Na zauna a kujerar Dalhatu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. A bayan ƙofa ma ana yi.

Dakta Ganye kuwa yana can yana yi wa ƙasa hidima. Mako bakwai ya yi a kan benci, ƙofar gidan babban mutum. Sau ɗaya ya gan shi, ta baƙin gilashin mota, har ya ɗaga masa takardar shaidar. Ya dawo ya rame, hular dai tana nan yadda take. Ya sanar da gari cewa an roƙe shi ya karɓi muƙamin, shi ya ƙi, don al'ummarsa na buƙatarsa.

Da ya shigo ɗakin ya ga tofo uku, ya yi kabbara. Bai ga tukunya sabuwa ce ba. Bai ga taga a buɗe take ba. Bai ga kututturen ya ragu ba, shi da ya auna shi kwana talatin. Idon masani ba ya sauka kan ƙananan abubuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Ranar Asabar ya sa aka jera kujeru a ƙofar gida, aka kawo lasifika da mai hoto, aka fito da tukunyar bakin ƙofar ɗaki.

"Jama'a, da na ce tiyata, wasu suka yi gunaguni. Da na ce ruwa, wani makiyayi ya so ya koya mini aikina. Yau ga sakamako. Amma wanga matakin farko ne. Yanzu za mu shiga mataki na biyu. Tofo uku sun yi yawa, suna raba ƙarfi, za a cire biyu. A maida shi duhu, a ninka taki, buta goma sha huɗu kullum. Dabo, kawo wuƙa."

Ban motsa ba. Ya sake kira, na dubi ƙasa. Ina neman yadda zan ce a'a ga babba a gaban jama'a, sai murya ta fito daga bayan ƙofar ciki. Ba ta da ƙarfi, amma lasifikar na hannun Dakta daf da ƙofar, ta kwashe ta ta watsa har bakin titi.

"Yaya, barka da hanya. Allah ya saka da alheri. Kwana talatin da huɗu kana jinyarshi, shina ruɓewa. Kwana arba'in da tara ba ka nan, ya yi 'ya'ya uku. Ni ba ni da ilimi, amma na gane maganin da ya karɓe shi. Saura kwana arba'in in fita takaba in tahi da abuna. Don girman Allah, Yaya, ba wani babban mutum da za ka je ka jira?"

Tsohon direban nan tarinsa ya tashi, wannan karon ya harbi kowa. Bube ya cusa fuska cikin malafa, kafaɗunsa na rawa. Dakta ya duba agogo, ya tuna yana da wani muhimmin zama. Mai hoto ya bi shi yana tambaya ko a ɗauka.

Ranar da Iyatu ta fita takaba ni na ɗaure tukunyar a bayan a-kori-kura, na zauna kusa da ita na riƙe har Ƙofa, don kada gargada ta karya mata ko ɗaya. Ganye goma sha ɗaya na ƙirga a hanya. Dakta Ganye bai samu zuwa rakiya ba, ya aiko cewa yana da taro. Mu da itacen muka yi masa addu'a, Allah ya yawaita masa taro.